ƘARIN SIFIRIN BA YA ƘARA BIRKI

Da zarar kaka ta yi, sai rumfunan masu walda su cika da kekuna masu ƙafa uku. Wannan ya zo a ƙara masa tsawon bodi, wancan ya zo a ɗora masa ƙarafa a sama don ya sami wurin jibga buhuna, wani kuwa ganyen sifirin biyu ya ke so a ƙara masa a baya. Dukansu abu guda su ke nema, watau keken ya ɗauki fiye da abin da aka ƙera shi ya ɗauka. Yi wa keke gyara ba laifi ba ne. Amma yawancin kuɗin nan ana zuba su ne inda bai kamata ba, manomi kuwa shi ke biya daga baya, ko da aljihunsa ko da ƙashinsa.

Ya kamata a tuna da asalin abin. Kakan kekunan nan kamfanin Piaggio na Italiya ya ƙera shi a 1948 sabo da ƙananan 'yan kasuwa. Daga can sana'ar ta tafi Indiya, inda Bajaj da TVS su ke ƙera mafi yawan na fasinja da a ke gani a ƙasar nan. A Ikko aka fara sabawa da shi zamanin Buba Marwa, wanda ya riƙe jihar daga 1996 zuwa 1999. Bayan an kafa shirin NAPEP a 2001 sai sunan Keke Napep ya bi shi, a Kano kuwa ya sami sunan A Daidaita Sahu zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ya kuma yawaita ƙwarai bayan an hana acaba a 2013. Duk wannan tarihi na titin birni ne. Injinsa silinda ɗaya ce mai cc 200 ko kusa da haka, an yi shi don direba da fasinja uku. Akwai kuma na kaya mai buɗaɗɗen baya, wanda a Gana a ke ce da shi aboboya. Da yawa daga irin wannan nauyin da aka yanka musu bai wuce rabin tan ba sosai, watau buhun masara biyar masu kilo 100. Ainihin adadin kowane keke yana cikin takardar da ta zo da shi, ga wanda bai yar da ita ba.

To, ga inda yaudarar ta ke. Kadan aka ɗora wa keke buhu takwas, sai bayansa ya zauna, bodi ya riƙa gugar taya. Wannan zama gargaɗi ne. Sai mai keke ya tafi a ƙara masa sifirin, ya dawo ya ɗora buhu goma, bayan bai zauna ba, ya ce kekensa ya yi ƙarfi. Abin da ya yi kurum shi ne ya toshe bakin mai yi masa gargaɗi. Birkin nan shi ne na da, ƙarfen da tayoyin baya su ke juyawa a kai shi ne na da, haka boris, haka kuloci, haka shasi. Nauyin da sifirin mai taushi ya ke shanyewa a kan gargada, yanzu kai tsaye ya ke zuwa ga shasi, shi ya sa a kan ga tsagewa kusa da inda aka ɗaura sifirin ɗin.

Maganar birki ita ce babba. Aikin birki shi ne ya mai da gudun keke ya zama zafi. In nauyi ya ninka, zafin da zai sha ya ninka. In gudu ya ninka, zafin ya ninka sau huɗu. Birki irin na kekunan nan a rufe ya ke cikin kwano, ba ya saurin hucewa, in ya yi zafi ainun kuwa sai ya daina kamawa, direba ya taka har ƙasa keke na ta tafiya. Ba a kan gane haka a fili mai shimfiɗe ba. A gangare a ke ganewa, ko ranar kasuwa sa'ad da akuya ko yaro ya gitta.

Ƙarin tsawon bodi ma haka. Duk buhun da ya zauna bayan tayoyin baya ɗaga gaban keken ya ke yi, kamar yadda yara biyu su ke yi a kan gungume. Gaban nan kuwa taya ɗaya ce tak, ita ce ta ke juya keken. In ta yi sakayau, a murɗa kai keke ya ƙi bi, a kan tudu ma har ya kan ɗaga gaba. Ƙarafan sama su kuma sun fi muni. Mai ƙafa huɗu yana da madogara a kowace kusurwa, mai ƙafa uku ba shi da kome a kusurwoyin gaba biyu. Kaya na hawa sama, kifewa a kwana na ƙara sauƙi. Kwandunan tumatir da a ke ɗorawa hawa uku a wajajen Kura da Kadawa, in keke ya kife da su, hasarar wuni ɗaya ta cinye ribar mako.

Amma fa masu yin haka ba wawaye ba ne, suna da hujja. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowane sawu ya zama kuɗi. Wanda ya karɓi keke bashi, balas na jiransa ko ya yi ciniki ko bai yi ba. Sai ya ce sawu ɗaya da buhu goma ya fi masa sawu biyu da biyar biyar. A lissafin wuni ɗaya gaskiyarsa ne. Sai dai lissafin bai cika ba. Keke mai lodi fiye da kima a giya ta ɗaya da ta biyu ya ke wuni, man da ya ke sha ya fi na da. A haɗa da kuloci da tayoyi da boris da za su ƙare tun lokacinsu bai yi ba, da kwanakin da keke zai yi a gareji a tsakiyar kaka, lokacin da kuɗin ɗauko ya fi tsada. Keke aikinsa daga gona zuwa gida ne, ko zuwa bakin titi. Doguwar tafiya irin ta zuwa Dawanau da lodi mai nauyi, gara manoma huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su ɗauki mota.

Ina ya kamata kuɗin gyara su tafi? Na farko ga taya. Yawancin kekunan fasinja lambar tayarsu 4.00-8 ce. A bar girman yadda ya ke, a nemi mai kauri, watau mai yawan shimfiɗar zare, don ta jure wa ƙaya da kututturen dawa. Wanda ya sa taya mafi girma don keke ya yi tsayi ya rage masa ƙarfin ja, ya ƙara wa kuloci wahala. Sa'an nan takalmin birki na ainihi, ko da ya fi tsada. A Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna a kan sami kaya iri iri, mai kyau da na jabu, wani lokaci kwalinsu kusan ɗaya. Madubi ko murfin fitila na arha ba kome. Birki da boris kuwa ba wurin neman rangwame ba ne.

Abu na biyu shi ne ƙura. Hanyar gona a lokacin hunturu ƙura ce zalla, in ta shiga inji kuwa sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa cin fistin da zobensa kamar yashi. Wasu su kan cire matatar iska wai don inji ya sha iska ya ƙara gudu. Wannan kashe inji ne da hannu. Matatar nan kuɗinta kaɗan ne, a riƙa dubanta kowane mako, a kuma canja baƙin mai tun kafin lokacin da takarda ta faɗa, domin mai takardar titin kwalta ya ke nufi. Tamfol mai kyau don kare hatsi daga ruwa, katako a shimfiɗe a bodi don kada ƙarfe ya yaga buhu, ƙugiyoyin ɗaure igiya, fitila mai haske da jan kyalle mai walƙiya a baya sabo da tafiyar asuba, waɗannan duka gyara ne na mai hankali. In za a yi walda, a cire batir tukuna, a kuma nisanta wuta da tankin mai.

Manyan lasifika da fitilu masu launi launi da ham mai kukan tirela, wannan sha'anin samari ne. Ba su kashe kowa, batir su ke kashewa.

Saura maganar gas. Bayan 2023 gwamnatin tarayya ta ƙarfafa mai da ababen hawa su yi aiki da iskar gas da a ke ce wa CNG, a inda a ke samun gidan sayar da ita kuwa ta fi fetur arha. Amma iskar nan a matse ta ke ƙwarai cikin tukunya, matsin ya kai kimanin ninki 200 na iskar da mutum ya ke shaƙa. Tukunyarta ta musamman ce, ba a haɗa ta da walda, tukunyar gas ta girki kuwa ba za ta iya riƙe ta ba. A watan Oktoba na 2024 wata mota ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin, mutane suka ji rauni, aka kuma ce tukunyar ƙirar hannu ce. Wanda ke son wannan gyara ya tafi wurin da hukuma ta amince da shi, ya karɓi takarda. Kafin nan kuma ya auna nisan ƙauyensa da gidan gas mafi kusa, domin tukunyar tana da nauyin kanta, nauyin nan kuwa daga cikin rabon buhuna za a cire shi.