Ina Matasanmu Suke Bayan La'asar?

'Yan'uwa, akwai tambaya guda da muke so kowane uba da kowace uwa su yi wa kansu a wannan mako: daga la'asar zuwa lokacin kwanciya, ina ɗanka yake, kuma me yake yi? Da safe mun san inda yake, ko gona, ko kasuwa, ko makaranta, ko bisa babur. Amma da rana ta yi sanyi sai ya ɓace mana, mu kuma ba mu tambaya, sai ranar da magana ta ɓaci mu ce yaran zamani sun lalace. Mu a ganinmu waɗannan sa'o'i biyar ko shida na yamma su ne ke gina matashi ko su rushe shi, kuma su ne muka fi sakaci da su.

Bari mu ɗauki misali da garuruwa biyu da muka sani. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega zai wuce Boɗinga, ya bar Yabo, ya isa Shagari, kuma idan ya buɗe ido zai ga cewa matasan wannan yanki ba ragwaye ba ne. Da damina suna gona tun asuba, ana noman gero da dawa da wake. Da rani wasu na fadama suna ban ruwan albasa da tumatir, wasu na kabu-kabu, wasu na rumfar cajin waya ko shagon ɗinki, wasu kuwa sun tafi cin rani Legas ko Fatakwal ko Abuja. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 ɗan kabu-kabu yakan wuni a rana, amma idan ya cire kuɗin mai da na mai babur, abin da ya rage masa ba ya cika tafin hannu. Ba mu kuma manta da watan Afrilu na 2022 ba, lokacin da kwalekwale ya kife a ruwan Shagari da mutanen Gidan Magana, aka rasa rayuka 29, yawancinsu yara da matasa da suka fita neman itace. Wanda ke irin wannan wahala ya cancanci hutu, ya cancanci wasa da nishaɗi. Wannan ba abin gardama ba ne. Abin dubawa shi ne wane irin hutu yake samu.

Ga abin da muke gani. Da yamma, ko a Boɗinga ko Sifawa, ko a Shagari ko Kajiji, za ka tarar da rumfar kwano, janareta na ruri a bayanta, an jera benci, samari sun cika ta maƙil cikin zafin da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu. Gidan kallon ƙwallo ke nan. Wannan ɗan Arsenal ne, wancan ɗan Chelsea, na gefe kuma ba a taɓa masa Real Madrid ko Barcelona. Zai lissafa maka 'yan wasa goma sha ɗaya da masu jiran canji, ya gaya maka nawa aka sayi kowane, amma rabon ƙafarsa da taɓa ƙwallo tun yana sakandare. Idan an tashi sai a koma teburin mai shayi a ci gaba da musu har tsakar dare. Wanda bai je kallo ba yana kwance da waya a hannu, abin sauraro a kunne, yana jin Hamisu Breaker ko Ali Jita, ko Solomon Lange idan ɗan ikilisiya ne, shi kaɗai, ba wanda ke amsa masa amshi.

Ba mu ce kallon ƙwallo laifi ne ba, kuma ba mu ce jin waƙa a waya haramun ne ba. Damuwarmu ita ce matashinmu ya tashi daga mai yi ya koma ɗan kallo. Iyayenmu da suka tashi a ƙasar Hausa sun san dandali. Bayan kaka, an kai amfanin gona rumbu, sai a kafa kokowa, ƙauye ya ziyarci ƙauye. Yara na langa, dattawa da samari na dara a ƙarƙashin itace, 'yan mata na gaɗa a farin wata, kowace tana da baitin da za ta jefa. Kiɗan ma na cikin jama'a ne. Ɗan Anace ya yi wa manoma waƙa, ya yi wa Shago da sauran 'yan dambe, wato mutanen da ake gani ido da ido, waɗanda gumin jikinsu ne ya jawo musu kirari. Ba za mu ce duk abin da ke dandalin da alheri ne ba. Akwai layu da guraye a dambe, akwai karaya, akwai kuma abin da kan biyo bayan kiɗan dare wanda iyaye suka yi kuka da shi. Amma duk da haka saurayi yana motsa jikinsa, yana koyon faɗuwa da tashi a gaban mutane, kuma manya na ganinsa.

Bambancin mai wasa da ɗan kallo ba ƙarami ba ne. Mai wasa yakan gaji ya yi barci da wuri. Yana koyon bin doka, da jin maganar alƙalin wasa ko da ransa bai so ba, da miƙa wa abokin hamayya hannu bayan an ci shi. Ɗan kallo kuwa zuciyarsa na tafasa amma jikinsa na zaune, kuma tun da ba shi da hannu a cikin wasan, sai ya nemi hanyar da sakamakon zai shafe shi. Ta nan caca ke shiga. A da sai mutum ya je rumfar caca ana ganinsa, yanzu kuwa tana cikin wayar da ke aljihunsa. Za a nuna masa cewa da kuɗi kaɗan, idan ya canki wasa goma ko sha biyar a jere, zai kwashi dubbai. Abin da ba a gaya masa shi ne, duk wasan da ya ƙara a takardar, damar cinsa raguwa take yi, wasa ɗaya ya kuskure duka ta rushe, kuma kamfanin ya riga ya cire ribarsa a cikin lissafin tun kafin a busa usur. Haka kuɗin albasa da kuɗin balas ke zurarewa, sai bashi, sai ƙarya, sai ɗauke-ɗauke a gida. Wanda baƙin ciki ya yi wa yawa kuma akwai mai jiransa da ƙwaya a lungu. Gwamnatin tarayya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, hukumar NDLEA kuma tana ta kamun masu taramol, amma kama mai sayarwa ba ya cike gurbin da ya sa yaro ya nema.

To laifin wa? A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mun taɓa jin wani dattijo yana yi wa ɗan ƙanensa faɗa a kan zuwa gidan kallo ranar Laraba da dare. Yaron ya durƙusa ya saurara har aka gama, sa'an nan ya ce, "Baba, na ji, kuma na gode. To amma idan ban je can ba, ina zan je?" Dattijon ya yi shiru, mu ma da ke wurin ba wanda ya sami amsa. A wurare da dama filin da ake wasa an yanka shi fuloti, filin makaranta kuma ko an kulle shi ko ya zama hanyar shanu. Mun iya hani, amma ba mu iya tanadi ba. Idan ka hana yaro kuka, to ka ba shi abin da zai riƙe, mu kuwa mun ƙwace na hannunsa mun bar shi hannu rabbana.

Abin mamaki, ƙungiyoyin da 'ya'yanmu ke zuba wa kuɗi a caca, da yawansu daga irin wannan tambaya ta yaron nan suka samo asali. A Ingila, samarin wata majami'ar Methodist ne suka kafa Aston Villa a 1874. Everton ta fara ne a 1878 a majami'ar St Domingo, domin samari su sami abin yi da hunturu. Manchester City ta tsiro daga majami'ar St Mark a 1880, a unguwar talakawa ma'aikata. Haka kuma a 1883, a birnin Glasgow, wani malamin makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya ga yaransa sun gagare shi zama wuri ɗaya, maimakon ya kore su sai ya ba su fareti da horo, daga nan aka sami Boys' Brigade da muke gani da ganguna da bigila a ikilisiyoyinmu har yau. Waɗannan mutane ba attajirai ba ne. Sun dai gane cewa ƙarfin saurayi kamar ruwan damina yake, idan ba a yi masa magudana ba, katangar gida zai ci.

Ba sai mun je Turai ba ma. Garin Shagari ya haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Kafin siyasa malamin makaranta ne, kuma a shekarun 1940 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa ta Youth Social Circle a Sakkwato, inda samari ke haɗuwa bayan aiki suna tattaunawa. Ya kuma tsara Waƙar Nijeriya domin ɗalibai su san ƙasarsu ta hanyar rerawa. Abin da ya yi da lokacin hutunsa yana saurayi, shi ya share masa hanya. Maƙwabtanmu na Nijar kuma sun ɗauki kokowar da muka bari ta zama tasu: tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, jihohinsu ke fafatawa, ƙasa duka ta kasa kunne ga rediyo, kuma yaron ƙauye ya san cewa daga dandalin garinsu ake farawa.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce mu kaɗan ne a Boɗinga da Shagari, yawancinmu ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu yi wa ƙasa hidima, ina muka ga yawan da za mu haɗa ƙungiya? Amsarmu ita ce wannan ƙarancin shi ne ma babban dalili. Filin ƙwallo na ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da ɗanmu da ɗan maƙwabcinmu Musulmi ke sa riga iri ɗaya, su ci tare, a ci su tare. Wanda kuka yi gumi tare da shi, ya san sunanka da na mahaifinka, da wuya wani ya zo daga baya ya ce masa kai abokin gaba ne ya yarda. Saboda haka ba muna kira a kafa ƙungiyar 'yan coci zalla ba ne. Muna kira a nemi mai unguwa da hakimi da shugaban makaranta, a yi abu na gari duka.

Wasu kuma za su ce wasa ba sana'a ba ne, kada a ruɗi yara. Wannan gaskiya ne, kuma dole a faɗa musu. Ahmed Musa ya tashi daga Jos ya buga wa Kano Pillars, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, amma Ahmed Musa guda nawa ne a cikin dubban da suka fara tare da shi? Ba don a je Turai muke cewa a yi wasa ba. Don lafiyar jiki ne, da tarbiyya, da zumunci. Wanda Allah ya ba baiwa ta musamman, hanyar filin wasa na Giginya a Sakkwato a buɗe take, amma kada ya saki karatu ko sana'a.

Kada kuma mu manta da 'yan mata. Saurayi ko ba komai yana da benci a gidan kallo, budurwa kuwa daga rijiya sai murhu, sai talla, sai waya a ɗaki. Gaɗa ta yi ƙaura, ba a kawo komai a madadinta ba. Raga ɗaya da ƙwallo ɗaya a harabar da ke da katanga sun isa 'yan mata goma sha biyu su yi wasa cikin mutunci, iyaye mata na zaune suna gani.

Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko, kowace ikilisiya ta ware wani abu daga baikonta domin ƙwallo biyu, da raga, da usur, ta kuma naɗa dattijo ɗaya da uwa ɗaya daga Zumuntar Mata da za su riƙa zuwa fili da kansu. Na biyu, a shirya gasar unguwanni da rani, daga bayan kaka zuwa kafin zafi ya tsananta, lokacin da zaman banza ya fi yawa, a sa kokowa da langa da dara a ciki, kuma a tsai da wasa idan lokacin sallar maƙwabta ya yi. Na uku, kayan kiɗan da ke kulle a majami'a daga Lahadi zuwa Lahadi a buɗe su da yamma, wanda ya iya jita ko ganga ko molo ya koya wa na baya, a ƙarfafa matasa su tsara waƙoƙinsu da Hausa maimakon kwaikwayon na waya kawai. Na huɗu, a yi wa matasa bayanin lissafin caca a fili, da alli da allo, domin wanda ya ga yadda ake cinsa ya fi wanda aka yi wa tsawa saurin bari. Muna kuma roƙon ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari su killace filayen wasan da suka rage kafin su ma su zama shaguna.

Daga ƙarshe, iyaye, mu rage tambayar yaro "Me ka samo?" kaɗai, mu riƙa haɗawa da "Yaya wasan yau?" Ranar da ɗanka zai buga, ka ɗauki kujerarka ka je bakin fili, ko da ba ka san dokar wasan ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara shi daga nesa.

Allah ya raya mana matasanmu, ya ba mu hikimar riƙonsu. Amin.