Koyar Da Fassara Ta Waya: Darasin Da Annobar Korona Ta Bari

Ran 27 ga watan Fabrairu, 2020, aka tabbatar da cewa cutar korona ta shigo Nijeriya, bayan da aka same ta a jikin wani Bature ɗan ƙasar Italiya a Ikko. Kafin ƙarshen watan Maris Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a rufe makarantu, tun daga firamare har jami'a. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin ran 23 ga wannan watan ne ƙungiyar malaman jami'o'i, watau ASUU, ta shiga yajin aiki na sai abin da hali ya yi, ba ta kuwa janye ba sai ran 23 ga Disamba. Cikin wannan hali ne Ministan Ilmi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya nemi manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Jami'o'i masu zaman kansu da waɗansu na jihohi suka gwada, sa'an nan da aka koma aiki a farkon 2021, manyan jami'o'i irin na Ikko da Badun suka buɗe zangon karatu ta wannan hanya.

An yi ta jajanta wa ɗaliban likita da na injiniya, waɗanda ba su da ɗakin gwaji a gidajen iyayensu. Amma akwai wani fanni da ba a cika tunawa da shi ba, shi ne fassara da aikin tafinta. Mutane da yawa suna zaton wannan ya fi kowane darasi sauƙin koyarwa ta waya, tun da yake kalmomi ne kurum, babu ƙarfe babu allura. Wannan zato kuskure ne. Fassara sana'a ce kamar ƙira ko ɗinki, a gaban gwani ake koyonta, kuma rashin gane haka ne ya sa yawancin abin da aka yi da sunan koyar da ita a zamanin annoba ya zama karanta lacca ga yaran da ba a gani.

Tarihin rubutun boko na Hausa kansa shaida ne. A 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina zuwa Hukumar Talifi a Zariya, inda ya zauna da Dokta Rupert East, ya tattara labarai daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa, aka sami Magana Jari Ce. Ba daga nesa aka yi wannan aiki ba. Ana rubutawa, ana dubawa, ana gardama a kan kalma har a tsaya a kan wadda ta dace. Haka kuma aka horar da ma'aikatan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga kafa ta a 1939, da na sashen Hausa na BBC tun daga 1957: sabon shiga ya kawo fassararsa, babba ya bi ta da jan alƙalami, ya ce masa wannan Turanci ne da haruffan Hausa, koma ka faɗa yadda Bahaushe zai faɗa. Jan alƙalamin nan shi ne makarantar. Malamin da ya karanta wa ɗalibai ka'idojin fassara na awa guda ta Zoom, bai ga rubutun ko ɗaya daga cikinsu ba, ya koyar da labarin fassara ne, ita kanta bai koyar ba.

Matsala ta fari da aka ci karo da ita sananniya ce ga kowa, watau rashin wutar lantarki da tsadar data. A lokacin mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a wata, kasuwanni kuma a rufe, uban da ke neman na tuwo ba shi da rarar da zai saya wa ɗa data ya kalli malami na awa biyu. Ɗalibai da yawa sun koma ƙauyukansu, inda sai an hau tudu ko an fita bakin hanya kafin waya ta kama. Zoom na kyauta kuwa yana yanke taro bayan minti 40, kafin a sake haɗuwa rabin aji sun ɓace. Wannan ta shafi kowane darasi, amma ta fi yi wa fassara illa. Mai koyon tarihi in ya rasa minti biyar zai iya karantawa daga baya. Ajin fassara kuwa muhawara ce: wannan ya kawo tasa jimlar, wancan ya ce ba haka ba, malami ya raba gardama. Wanda layinsa ya yanke a tsakiyar gardamar ya rasa darasin ɗungum, ko da an aiko masa da amsar ƙarshe.

Matsala ta biyu ta Hausa ce ita kaɗai da ire-irenta. Yawancin ɗalibai da waya suke rubutu, wayoyi da kwamfutoci da dama kuma ba a saita su da haruffa masu lanƙwasa ba. Sai ɗalibi ya aiko da aiki babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, malami ya rasa ko jahilci ne ko laifin na'ura. Alhali kuwa wannan lanƙwasa ita ce ta raba ƙafa da kafa, ta raba baƙi da baki, ta raba wanda ya yi ƙarar maƙwabcinsa da wanda ya yi masa kara. Bugu da ƙari, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. A cikin aji malami yakan furta kalmar, yara su maimaita, kunne ya raba. Ta layin da ke tsinkewa, muryar malami tana zuwa guntu-guntu, wannan bambanci shi ne abin da ke fara salwanta. Masu koyar da Yarabanci da Ibo, waɗanda su ma harsunansu na karin sauti ne, sun san wannan ciwo.

Ta uku ita ce aikin tafinta. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 36, ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Bahaushen Agege ko na Sabo a Badun da ya taɓa tsayawa gaban majistare ya san cewa wani lokaci 'yancinsa a bakin tafinta yake. Wannan aiki ba da harshe kaɗai ake yin sa ba. Tafinta yana duban fuskar mai magana da hannunsa, ya san lokacin da zai dakatar da shi, ya koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da rawar murya ba. Yaron da ya koyi tafinta a ɗakin uwarsa, ya kashe kyamara don tsimin data, bai taɓa jin nauyin idon mutane a kansa ba. Ranar da ya fara ji kuwa, a kotu ne ko a asibiti, inda kuskure ke da tsada.

Ta huɗu ita ce jarrabawa. Tun 2013 kamfanin Google ya sa Hausa cikin harsunan da na'urarsa ke fassarawa. Ɗalibin da ke gida, babu mai tsaro, cikin ƙiftawar ido zai zuba nassi a na'ura ya kwafe abin da ta ba shi. Gogaggen malami yakan gane, domin fassarar na'ura tana bin ginin jimlar Turanci sawu da sawu, tana kuma tuntuɓe a kan karin magana. Amma ganewa daban, tabbatarwa daban, malami ɗaya kuma ba zai iya bin sawun ɗalibai ɗari ba. Yau na'urorin sun fi na 2020 ƙwarewa nesa ba kusa ba, saboda haka wannan matsala ba ta tafi tare da annoba ba, ƙaruwa ma ta yi.

Abin takaicin shi ne, a daidai lokacin da azuzuwan fassara suka yi shiru, a lokacin ne ƙasa ta fi bukatar masu fassara. Kullum hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC tana fitar da bayani da Turanci, jama'a kuwa a rediyo suke ji da harsunansu. Turanci yana da kalma ɗaya ta tsare wanda ake zaton ya yi hulɗa da mai cuta, da wata dabam ta ware wanda aka tabbatar ya kamu, amma sau da yawa da kalmar killacewa aka fassara duka biyun. Yana da suna dabam ga irin ƙwayar da ke kawo korona, da wani dabam ga irin wadda ke kawo taifot, Hausa kuwa duka ƙwayar cuta take cewa, alhali maganin da ke kashe ta biyun ba ya taɓa ta farkon. Kalmar da likita ke faɗa in gwaji ya nuna mutum ya kamu, a maganar yau da kullum ma'anarta abu mai kyau, mai fassarar da bai ƙware ba sai ya mai da mummunan labari bushara. Ƙyallen rufe hanci da baki aka kira shi takunkumi, kalmar da Bahaushe ya sani a bakin dabba, sa'an nan aka yi mamakin da waɗansu dattawa suka ƙi sawa. Ma'aikatan gidajen rediyo sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kuma cancanci yabo, amma kowane gida da tasa kalmar, babu inda ake zama a daidaita. Da an yi tanadi, da waɗannan sanarwoyi su ne aikin ajin kowace safiya, ɗalibai su fassara, malamai su gyara, jama'a su amfana.

Masu goyon bayan koyarwa ta intanet suna da hujjarsu, ba kuma za a raina ta ba. Da babu gara ba daɗi. Darasin da aka naɗa ana iya sake sauraronsa sau goma. Matar aure da ke cikin gida, da ma'aikacin da ba zai iya barin aikinsa ba, sun sami ƙofar da da a rufe take. Gwanin fassara da ke London ko Bonn yana iya yi wa ɗaliban Kano magana ba tare da kuɗin jirgi ba. Malaman da suka yi dabara kuma sun ga amfani: maimakon dogon taro na bidiyo, sai su aika da gajeren nassi ta WhatsApp, ɗalibi ya rubuta fassararsa da hannu ya ɗauki hotonta, malami ya gyara ya mayar, ya bi da saƙon murya yana bayyana dalilin kowane gyara. Wannan hanya ba ta cin data da yawa, ba ta bukatar a haɗu a lokaci ɗaya, ta kuma tsare abin da ya fi muhimmanci, watau jan alƙalami. Sai dai tana cin lokacin malami ninki biyu, ba ta kuwa yiwuwa in aji ya yi yawa. Ashe laifin ba na waya ba ne, na waɗanda suka ɗauka cewa sayen na'ura zai maye gurbin ɗaukar malamai ne.

Ba kuma za a ce ƙasar nan baƙuwa ce ga karatu daga nesa ba. Tun 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda ta horar da dubban malamai ta littattafan da ake raba musu da haɗuwar ƙarshen mako. Jami'ar Karatu Daga Gida an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. A zamanin kulle ma jihohi da dama sun koyar da yaran sakandare ta rediyo. Kayan aikin suna nan, shiri ne babu.

Domin haka wajibi ne mahukunta su yi abubuwa huɗu tun yanzu da ake zaune lafiya. Na farko, Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙayyade yawan ɗaliban ajin fassara, ta ɗauke shi a matsayin darasin aikin hannu, a aji ne ko ta waya. Na biyu, kowane sashen harsuna ya tabbatar ɗalibansa sun iya sa haruffa masu lanƙwasa a wayoyinsu tun makon farko, domin manhajojin yin haka suna nan kyauta. Na uku, jarrabawar fassara ta haɗa da tambayar baka, inda ɗalibi zai kare kowace kalma da ya zaɓa, domin na'ura ba ta iya zuwa ta amsa masa. Na huɗu, a tattara kalmomin da aka ƙirƙira a zamanin korona, masana harshe da likitoci da 'yan jarida su zauna su tace su, a buga a raba. An taɓa yin Hukumar Harshen Hausa a 1955 don irin wannan aiki, Jami'ar Bayero kuma tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya da ta daɗe tana yin sa. Abin da ya rage shi ne a ba ta kuɗi da umurni, a kuma yi wa sauran harsunan ƙasa haka.

Ran 5 ga watan Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci da ta sa a kan korona. Amma rufe makarantu bai ƙare da annoba ba, domin a 2022 jami'o'in gwamnati sun sake zama wata takwas a rufe saboda yajin aiki, ambaliya da rashin tsaro kuma suna korar ɗalibai daga azuzuwa a wurare da dama. Sashe na 55 na Tsarin Mulki ya ambaci Hausa da Ibo da Yarabanci cikin harsunan da Majalisar Ƙasa za ta yi aiki da su in an yi tanadin da ya kamata, tanadin nan kuwa mutane ne da suka iya fassara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wata rana za a sake rufe makarantu, za a kuma sake bukatar wanda zai gaya wa talaka gaskiyar abin da ke faruwa da harshen da yake ji. Allah ya sa kafin ranar an shirya.