Katakon Sulu: Wasan Da Ya Zo Ba Shi Da Fage

Duk wanda ya saba bin titunan birnin Kano da yammaci, da wuya ya rasa cin karo da samarin nan masu ɗaura takalmi mai taya, suna sulalewa tsakanin motoci, wani sa'in ma ka ga ɗayansu ya kama bayan a-daidaita-sahu tana jan sa. Jama'a sukan bi su da kallo, wasu su yi tsaki, wasu su ce Allah Ya shirya. To, mu mutanen Dutse mun sani sarai cewa baƙon da ya kwana a Kano ba ya daɗewa bai yi sallama a garinmu ba. Wannan ne ya sa na ga ya kyautu malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu tattauna al'amarin tun da sauran rana, musamman ma a kan ɗan'uwan wancan wasa, watau wanda Turawa ke kira sketbod, wanda tuni ya kafa sansani a Ikko, hotunansa kuma suna ta yawo cikin wayoyin ƙannenmu. Ra'ayina a nan shi ne, wasan a kan kansa ba abin ƙyama ba ne. Babbar illarsa ita ce ya zo mana ba shi da fage, kuma duk wasan da ba shi da fage a ƙasar nan, a kan kwalta zai ƙare.

Bari mu fara da sunansa, tun da yake sana'armu ke nan a wannan sashe. Abin da ake hawa wani ɗan katako ne da tsawonsa ya kai wajen santimita 80, faɗinsa kuwa kamar 20, an yi shi da falle bakwai na itace da aka manne, gabansa da bayansa sun ɗan ɗaga sama, a ƙarƙashinsa akwai ƙananan tayoyi huɗu. Mai fassarar gaggawa, da ya buɗe ƙamus, cewa zai yi allo mai taya. Ni kam ban yarda da wannan ba, domin kuwa allo a wurin Bahaushe abu ne mai alfarma, a kansa ake rubuta karatu, ba a ko tsallake shi balle a taka. Ranar da dattijo ya ji an ce jikansa yana can yana tsalle a kan allo, to, an gama kashe wasan a zuciyarsa tun kafin ya gan shi. Na fi son a ce katakon sulu, saboda sulu kalma ce da muka gada, kuma ita ce ke bayyana ainihin abin da ake yi.

Hasali ma, shi sulun ba baƙo ba ne a ƙasa mai duwatsu irin tamu. Yaron da ya tashi kusa da falalen dutse mai gangara ba ya bukatar malami kafin ya gane cewa in ya zauna a kan ɓallin dutse ko tsohon kwano, zai gangara da gudun da ƙafarsa ba za ta taɓa ba shi ba. A shekarar 1955 wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ci karo da duwatsu masu amo a maƙwabciyarmu Birnin Kudu, kuma a 1957 ya buga wata maƙala a mujallar Man wadda a ciki ya haɗa zancen waɗannan duwatsu da na duwatsun sulu, watau falalen da suka yi sumul saboda yawan zamiyar da aka yi a kansu shekara da shekaru. Ke nan sha'awar da ke ɗibar yaron yau zuwa ga taya, ita ce ta ɗebi kakansa zuwa ga dutse. Kayan aikin ne kawai suka sauya.

Su ma can inda abin ya samo asali, da ƙuruciya aka fara shi. A jihar Kalifoniya ta Amurka ne, wajen shekarun 1950, masu wasan hawa igiyar teku suka riƙa kafa wa katako tayoyin ƙarfe don su sami abin yi ranar da teku ta kwanta. Abin ya ƙara armashi a farkon shekarun 1970, sa'ad da wani saurayi, Frank Nasworthy, ya fito da taya ta wata irin roba mai kama ƙasa. Daga nan sai fari ya afka wa jihar a 1976 da 1977, masu hali suka bar kwarmin wanka na gidajensu ba ruwa, yara kuwa suka mai da waɗannan ramuka na siminti filin wasa, suna hawa bangonsu suna gangarowa. Abin mamaki ba ya ƙarewa: fari na waɗannan shekaru mu yunwa ya bar mana a 1973, su kuwa wasa ya haifar musu.

Uwar duk dabarun wasan ita ce wadda suke kira oli, laƙabin wani yaro ne, Alan Gelfand, wanda ya fara yin ta wajen 1978, sa'an nan Rodney Mullen ya sauko da ita kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a farkon shekarun 1980. Wanda bai sani ba, in ya ga mutum ya yi tsalle katako ya bi tafin ƙafarsa sama ba tare da igiya ko hannu ba, sai ya ce siddabaru ne. Alhali kuwa lissafi ne. Da ƙafar baya yake dukan wutsiyar katakon ta bugi ƙasa, goshin ya miƙe sama, sa'an nan ya ja gefen ƙafar gaba bisa fuskar katakon, wadda aka lulluɓe da takarda mai kaushi, har ya daidaita shi a iska. Duk wannan cikin ƙiftawa da bismilla. In kuma ya shuri gefen katakon ya wulwula sau ɗaya kafin ya dira a kansa, to, ya yi abin da suke kira kikfilif, wanda ni da za a tambaye ni sai in ce juyin waina. Muna da alkafura, muna da katantanwa da majaujawa da tsallen badake, duk suna nan suna jiran aiki. Amma fa ba na cewa mu zauna a ofis mu yanka wa yara sunaye. Acaɓa da kabu-kabu ba daga jami'a suka fito ba, kuma a-daidaita-sahu sunan wani shirin gwamnatin Kano ne da bakin jama'a ya ɗauke ya liƙa wa babur mai ƙafa uku. Aikinmu shi ne mu kasa kunne mu rubuta, mu kuma ba da shawara inda aka nemi a yi ɓarna irin ta allo.

Sai dai abin da ya fi damuna ba sunan ba ne, hanyar da wasan yake bi ya iso mana ce. Shi wannan wasa, tun daga 1984 da Stacy Peralta ya shirya wa 'yan wasan kamfanin Powell Peralta faifan bidiyonsu na farko, ta hoto yake yaɗuwa. Gwani ba ya zama gwani don ya ci kofi kawai, sai in an ga rabonsa a faifai. Yakan shekara, ko ma fiye, shi da mai ɗaukar hoto suna yawon lunguna da matakalai, don a haɗa minti uku ko huɗu da za su ɗaukaka sunansa. Mu da muka karanci adabin baka ba za mu rasa gane wannan ba. Da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganin Shago a fagen dambe ba, ta bakin Ɗan Anace suka san shi. Mai kyamara shi ne makaɗin ɗan sulu. Ƙarfin wannan kiɗa kuwa ba kaɗan ba ne. Wata yarinya 'yar ƙasar Barazil, Rayssa Leal, tana da shekara 7 aka ɗauke ta wani guntun hoto a 2015 ya zagaye duniya, kuma a 2021, lokacin da aka fara shigar da wasan cikin gasar Olamfik a Tokiyo, ita ta zo ta biyu tana da shekara 13, wadda ta zo ta ɗaya, Momiji Nishiya ta Japan, ita ma shekarunta 13.

To, amma makaɗi ba ya waƙe ranar da aka kā da gwaninsa. A 1999, a birnin San Faransisko, Tony Hawk ya yi juyi biyu da rabi a iska ya dira lafiya, abin da ba a taɓa gani ba a gaban jama'a. Wanda ya kalli daƙiƙa biyar ɗin nan kaɗai ba zai san cewa a daren ma sai da ya sha ƙasa wajen sau goma ba, bayan shekaru da ya yi yana fama da ita, kuma da hular kwano a kansa, da kariya a gwiwa da gwiwar hannu, a kan dandamalin da aka gina musamman don haka. Tsofaffin faya-fayan sukan ware wani sashe na faɗuwa zalla, don mai kallo ya san kowa ya ci zomo ya ci gudu. Guntayen hotunan da ke zuwa wayar ƙanenmu a yau kuwa, dirar kawai suke nunawa. Yaro ya gani, ya ce ai ba wuya, ba kuwa wani babba a kusa da zai ce masa ga yadda ake faɗuwa ba a karye ba.

A nan ne muka bambanta da wasanninmu na gado. Dambe ya fi sulu haɗari nesa ba kusa ba, amma yana da fili da lokaci, yana da manya masu raba gardama, kuma ba a haɗa ɗan koyo da wanda ya yi suna. Kokawa haka, langa ma haka. Bahaushe bai taɓa hana yaro gwada ƙarfinsa ba, iyaka dai yakan shata masa da'ira ya ce a cikin nan za ka yi. Shi kuwa ɗan sulu, wa ya shata masa?

Ƙasar ma kanta ba ta bar masa zaɓi ba. Tayar katakon ba ta wuce girman ƙwan kaza ba, tsakuwa ɗaya tak ta isa ta tsai da ita cak, ta wurga mai hawa gaba. Jiharmu kuwa daga jigayi ta samo sunanta, rairayi ne ko'ina. Saboda haka dandalin unguwa da filin ƙwallo ba su da amfani gare shi, ba shi da wurin da ya wuce titi. Tun da Dutse ta zama hedkwatar jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka yi ta shimfiɗa mata tituna masu faɗi da santsi, waɗanda ba su da cunkoso irin na Kano. Wannan shi ne abin da zai ja hankalin yaro, shi ne kuma abin tsoron, domin inda hanya ta buɗe nan direba yake sakin mota. Duk wanda ya san yadda manyan motoci ke kwararowa ta Shuwarin ba zai so ya hangi ƙanensa a kan katako a wannan hanya ba. Wanda ya yi sa'a shi ne za a kai wa mai ɗori ko asibitin ƙashi na Dala.

Na san akwai masu cewa maganin abin shi ne a hana shi ɗungurungum, wai baƙuwar al'ada ce da shiririta. Ina girmama damuwarsu, musamman a kan abin da kan biyo bayan irin waɗannan faya-fayai na shiga da ɗabi'u da ba namu ba. Amma ƙwallon ƙafa ma baƙuwa ce, haka ƙwallon doki, wadda Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume ta har ta zama abin alfaharin Katsinawa. Abin da manya suka karɓa suka sa wa ido, shi ne yake ɗaukar tarbiyyarsu. Wanda suka kora kuwa, ba barin gari yake yi ba, komawa yake inda ba sa gani, ya yi tarbiyyar kansa.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: daɓen siminti mai santsi, wanda girmansa bai wuce filin ƙwallon kwando ba, da 'yan gangare biyu ko uku, da katanga ƙarama mai tare rairayi. A unguwar Kitintale ta birnin Kamfala, a ƙasar Yuganda, wani matashi mai suna Jackson Mubiru da abokansa sun gina nasu da hannunsu a 2006, da bulo da siminti, ba su jira gwamnati ba. Mu kuwa tsakuwa a bayan ɗakinmu take. Sai dai a yi hattara da takardun fili, domin wanda aka buɗe a Ankara ta ƙasar Gana a ƙarshen 2021, duk da kyansa da sunan da ya yi, rikicin mallakar ƙasa ya sa aka rufe shi a 2023. Saboda haka na fi ganin dacewar a yi shi cikin harabar da ba mai jayayya a kanta, kamar gefen filin wasa na gari, ko makarantun sakandare, ko Jami'ar Tarayya da aka kafa mana a 2011. A sa masa doka irin ta kowane fage: ba hular kwano, ba shiga, in an kira salla a tashi, wanda kuma aka kama ya kama bayan mota a titi, a dakatar da shi. Masu takalmi mai taya su ma wurin ya ishe su, kuma daga cikinsu ne za a fara samun manyan da za su koya wa na baya.

Mu kuma 'yan sashen Hausa, kowace shekara ana neman batun kundin kammala karatu, ana ta maimaita tashe da gaɗa da wasan gauta, waɗanda aka riga aka yi musu rubutu mai yawa. Ga wasa yana tsirowa a gaban idonmu, da kalmominsa da kirarinsa da zambonsa da ba a riga an rubuta ba. Kuɗin mota zuwa Kano da na'urar ɗaukar magana sun isa ɗalibi ɗaya ya zauna da samarin nan na 'yan makonni, ya tambaye su me suke kiran tsallen, me suke kiran faɗuwar, da kuma abin da suke ce wa wanda ya fi su duka.