Gadarif: Goron Sallah ya koma cikin waya, amma wa aka bari a baya?

A Gadarif, birnin noman riɗi da dawa da ke gabashin Sudan, yaran Hausawa na da suna biyu ga kuɗin da ake ba su ranar Idi. A gida sukan ji ana cewa barka da Sallah, a titi kuma makwabta na kiransa idiyya da Larabci. Ko wane suna aka kira shi, al'adar na bukatar takardar kuɗi a hannu, kuma ita ce ta yi wuya tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023.

A watan Disamban 2024 Babban Bankin Sudan ya fara canjin takardun fam 500 da 1,000 a jihohin da ke hannun sojoji, har da Gadarif. An bukaci jama'a su zuba tsofaffin kuɗi a asusun banki, aka kuma ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Dakarun RSF sun haramta sabbin takardun a yankunansu. 'Yan Najeriya da suka sha wahalar canjin Naira a farkon 2023 sun san yadda layin banki yake a irin wannan lokaci.

Gidan waya bai cike giɓin ba, duk da daɗewarsa a ƙasar. Tun 1898 Sudan ta fitar da kan sarki mai hoton ɗan aike bisa raƙumi, amma saƙon Hausawa bai cika dogara da akwatin gidan waya ba. Al'ummar ta kafu ne a kan hanyar aikin Hajji, ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yi hijira gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Alhazai, fatake da direbobi su suka riƙa ɗaukar wasiƙa da ɗan abin hasafi tsakanin Gadarif da Kano ko Damagaram. Yaƙin Darfur da Kurdufan ya toshe wannan hanya.

Abin da ya maye gurbin ambulan yanzu shi ne Bankak, manhajar Bankin Khartoum. Da ita ɗan da ke aiki a Saudiyya ke aika wa mahaifiyarsa kuɗin Sallah, da ita ake sayen sukari a kasuwa. Sinawa ma sun bi wannan hanya tun 2014, da WeChat ta mayar da jar ambulan ta sabuwar shekara saƙon waya. Bambancin shi ne su sun zaɓa ne, mutanen Sudan kuwa dole ce ta sa.

Sauƙin na da tsada. Katsewar layukan sadarwa a watan Fabrairun 2024 ta bar miliyoyin mutane da kuɗi a asusu ba tare da halin taɓa su ba. Mai son tsaba kuma sau da yawa sai ɗan kasuwa ya yanki wani kaso kafin ya ba shi.

Babban ƙalubale ga Hausawa shi ne takardar shaida. Buɗe asusu na bukatar lambar ɗan ƙasa, alhali an daɗe ana korafin cewa Hausawa da Fulani, waɗanda ake haɗawa a kira Fallata, na fuskantar ƙarin tambayoyi kafin a ba su, ko da kakanninsu a Sudan aka haife su. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya fito da Hausawan Gadarif da Kasala zanga-zanga, ya nuna batun asali bai mutu ba. Wanda ba shi da lamba dole ya karɓi kyautarsa ta asusun makwabci, ya bar sirrin gidansa a hannun wani.

Don haka shugabannin al'umma a Gadarif na da aiki a gabansu: taimaka wa tsofaffi, zawarawa da 'yan gudun hijirar jihar Jazira su samu lambar ɗan ƙasa da asusu da sunansu. Masu aikowa daga Najeriya, Nijar ko Saudiyya kuma su riƙa tambayar asusun wa kuɗin ke shiga, da nawa ke isa hannun wanda aka nufa.