KWAMFUTA BA GADON GIDAN KOWA BA CE

Jama'a, akwai wata magana da waɗansu manya ke yawo da ita, wai koya wa yaro tsara wa kwamfuta umurni sai 'ya'yan masu hali, ɗan talaka ya tsaya ga talla da awo. Masu faɗin haka kuwa nasu 'ya'yan suna makarantun kuɗi ana koya musu. Haba!

To, mene ne abin? Kwamfuta ba ta da wayo ko na anini. Abin da aka gaya mata shi take yi, daki-daki, in ka tsallake ɗaya ta cije ko ta yi ɓarna. Kai mai hatsi, ran da ka ce wa yaronka, "In mutum ya biya auna masa tiya, in bai biya ba kada ka auna, yi ta haka har buhu ya ƙare," ai ka riga ka tsara umurni, ga sharaɗi ga maimaitawa. Yaron da ya riƙe wannan ranar kasuwa, yana kuma ba da canji ba kuskure, shi ne za a ce kansa ba zai ɗauka ba?

A 2014 Ingila ta sa wannan darasi a makarantun gwamnati tun daga ɗan shekara 5. Tun 2007 jami'ar MIT ta Amurka ta fitar da Scratch kyauta: yaro ya jera umurni kamar tubali, kyanwa ta yi tafiya bisa allo, in ya yi kuskure ya gani da idonsa ya gyara. Ana iya sauke shi a yi aiki ba intanet.

Za su ce ba lantarki. Mun ji, amma wa aka ba amanar kawo ta? Kafin ta zo ma, malaman jami'ar Canterbury a Niyu Zilan sun shirya darussan da ake yi da kati da alli, ba inji.

A 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Akwai ɗan ƙauyen da sai ranar jarrabawa zai fara taɓa ta, a kuma auna shi da wanda ya tashi da ita a ɗaki.

Ran taron iyaye da malamai ku je, maza da mata, ku tambayi hedimasta yaushe za a fara. In ya ce ba inji, ku da kuka iya adashi ku haɗa a sayo ko guda biyu, a rubuta sunan wanda zai riƙe makulli.