Makin JAMB Ma'auni Ne, Amma Bai Auna Komai da Komai Ba

Ranar da na zauna jarrabawar JAMB, yaron da ke gefena ya shafe kusan minti goma yana kokawa da linzamin kwamfuta. Daga baya ya faɗa min ranar ce ya fara taɓa kwamfuta a rayuwarsa, domin makarantarsu ko ɗaya ba ta da ita. Agogon jarrabawa kuwa ba ruwansa da wannan, tafiyarsa yake yi.

Ni ba na cikin masu cewa a soke jarrabawar bai-ɗaya. Kwamfuta ba ta san ɗan wane ba. Ɗan mai shayi da ɗan kwamishina tambaya 180 za su amsa cikin awa biyu, a auna su a kan maki 400. Tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, satar amsa ta ƙara wuya, sakamako kuma yana zuwa ta saƙon waya cikin 'yan kwanaki. Idan babu ma'auni ɗaya irin wannan, gurbin jami'a zai koma na wanda ya san wani, kuma mun san wa zai sha ƙasa.

Sai dai aikina na rubuta manhaja ya koya min wani abu. Manhaja takan tsallake duk gwajin da ka rubuta mata, ka sake ta, ta je hannun jama'a ta rushe, saboda gwaji yana duba abin da ka tambaya ne kawai. Haka jarrabawar A, B, C, D take. Tana gane wanda ya haddace tsofaffin tambayoyi, amma ba ta ganin yarinyar da ta iya warware matsalar da ba ta taɓa gani ba, ko yaron da ke gyara allon waya a Farm Centre. Malamai ma sun gane haka, shi ya sa ajin ƙarshe na sakandare a wurare da yawa ya koma zaman hadda.

Sannan na'urar kanta tana kuskure. A 2025 JAMB ta amsa cewa matsalar na'ura ta taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi gafara, aka sake musu jarrabawar. Kafin a gano haka, yara nawa aka kira daƙiƙai a gidajensu?

Don haka ra'ayina, a riƙe jarrabawar, amma kada awa biyu ta yanke wa yaro hukuncin shekara goma sha biyu na karatu. A riƙa haɗa makin da aikin da ya yi a aji da abin da hannunsa ya iya.

Kai kuma mai karanta wannan a waya, idan kana da ƙane ko ƙanwa da za su zauna bana, manhajar gwaji ta waya ba ta isa ba, domin latsa gilashi daban yake da madannai. Ka kai su shagon kwamfuta ko sau uku ne, su saba da danna N don zuwa tambaya ta gaba, P don komawa baya. Idan sakamako ya fito bai yi daɗi ba, ka fara tambayar su yadda zaman ya kasance kafin ka yi faɗa.