A Bar Ɗalibi Ya Girka Python da Hannunsa

Cibiyoyin koyar da kwamfuta sun ƙaru a garuruwanmu, musamman tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku. Ina murna da haka. Amma akwai wata ɗabi'a da nake gani a ajujuwa da dama, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Malami zai riga ɗalibai zuwa, ya girka komai a kwamfutocin aji, ya buɗe musu shafin rubutu. Ɗalibi ya zo ya zauna ya kwafi abin da ke allo, ya danna maɓalli, sakamako ya fito. A haka za a kammala kwas. Ranar da ya koma gida da takardar shaida ya buɗe tasa laftof ɗin, sai ya tarar ko layi ɗaya ya kasa sa shi ya yi aiki.

A ganina, darasin farko na kowane yaren rubuta manhaja shi ne ɗalibi ya girka yaren da kansa, a kan na'urarsa, ya ƙirƙiri folda, ya rubuta fayil, ya ba da umarni ya ga abin ya tashi. Malamin da ya ɗauke masa wannan wahalar ya hana shi abin da ya fi buƙata, ko da tausayi ne ya sa shi.

Mu ɗauki Python, tunda shi aka fi farawa da shi a wajenmu. Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar da shi a 1991, kuma kyauta ne. Fayil ɗin girkawa na Windows bai kai megabait 30 ba. Duk da haka za ka ga an tura sabon ɗalibi ya sauke Anaconda, mai kusan gigabait ɗaya, ya ƙone datar wata guda kafin ya rubuta komai, alhali ƙaramin ya ishe shi, har da manhajar rubutu mai suna IDLE yake zuwa.

A shafin farko na girkawa, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati da ke tambaya ko a saka Python cikin PATH. Yawancin mutane ba sa ko kallonsa, gaba kawai suke dannawa. Daga baya sai su buɗe baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni su buga python, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba, ko ta jefa su cikin Microsoft Store. A nan da yawa suke yanke hukuncin cewa kansu ba zai ɗauka ba. Alhali PATH jerin folda ne kawai da kwamfuta ke lalubawa idan an kira sunan wata manhaja. Wanda ya gyara wannan sau ɗaya da hannunsa ya fahimci yadda na'ura ke neman kayanta, kuma gobe idan ya koma Go ko Java zai gamu da abu iri ɗaya ya wuce shi ba tare da ya kira kowa ba.

Na taɓa zama kusa da wata ɗaliba da ta rubuta fayil ɗinta a Notepad, ta sa masa suna lissafi.py, amma duk lokacin da ta kira shi sai a ce babu shi. Ga shi kuma tana kallonsa a folda. Na hana kaina karɓar linzamin. Na ce, "Malama, sa baƙin allon ya jero miki abin da ke cikin foldar." Ta buga dir, sai ga ainihin sunan ya bayyana: lissafi.py.txt. Windows ne yake ɓoye wutsiyar sunan fayil. Ta goge wutsiyar, ta sake ba da umarni, lissafin ya fito. Tun daga ranar, duk wanda ya maƙale a layinsu ita yake nema kafin ya nemi malami.

Akwai kuma matsalolin da suka fi addabar mu. Laftof na hannu da ake saya a kasuwa, wasu har yanzu Windows 7 ne a kansu, kuma Python 3.8 ne na ƙarshe da ke aiki a kai. Sabbin ba za su hau ba. Sannan tsofaffin bidiyoyin YouTube cike suke da Python 2, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020. Ɗalibi ya kwafi umarnin print babu baka biyu kamar yadda ya gani, jan rubutu ya cika masa allo. Idan ba a koya masa karanta wannan rubutun ba, musamman layin ƙarshe da lambar layin da aka ambata, zai ɗauka na'urarsa ce ta lalace.

Shi ma aikin farko ya kamata ya wuce gaisuwar nan ta layi ɗaya da aka saba. A yi ta, minti biyu ce. Daga nan a ba ɗalibi abin da ya sani a rayuwa, misali littafin adashi: sunayen masu zubi, nawa kowa ya zuba, wa zai kwasa wannan watan, sannan a adana a fayil. A nan zai gamu da abin da malaman ƙasashen waje ba za su nuna masa ba. Da zarar ya so adana kalmar "kuɗi" ko "ƙarshen wata" a Windows, Python zai iya tsayawa da kuskuren UnicodeEncodeError, domin tsarin haruffan da yake ɗauka tun farko bai san ɗ da ƙ ba. Maganin gajere ne, a ƙara encoding="utf-8" wajen buɗe fayil ɗin. Yaron da ya koyi wannan a makon farko ba zai riƙa gina mana manhajojin da ke mayar da sunayenmu alamar tambaya ba. Wannan kaɗai ya isa dalili.

Na san hujjar masu ɗaya ɓangaren, kuma tana da nauyi. Aji mai mutum 40, kowa da irin kwamfutarsa, ga wuta ba tabbas. Idan aka tsaya girkawa mako zai tafi. Ga Google Colab da Replit, inda ake rubutawa a intanet ba sai an girka komai ba. Ban ƙi a yi amfani da su ba, musamman ga wanda waya kaɗai gare shi, ko da yake shi ma manhajar Termux za ta ba shi Python a kan Android. Amma ranar da data ta ƙare, aiki ya tsaya cak, wanda kuwa ya girka a na'urarsa yana ci gaba muddin akwai caji. Kuma kamfanin da ya ɗauke ka aiki kwamfuta zai miƙo maka ya ce ka sauko da aikinsu ka tashe shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ina roƙon masu cibiyoyi da malamai su ware makon farko gaba ɗaya ga wannan. Ku sauke fayil ɗin girkawa sau ɗaya, ku zuba a filashi ya zaga aji, kowa ya huta da kashe data. Idan ɗalibi ya maƙale, ku tsaya a bayansa ku sa shi ya karanta kuskuren da ƙarfi, amma kada ku karɓi kwamfutar daga hannunsa. Kuma kada a ba kowa takardar shaida sai ya girka yaren a kan na'urar da ba komai a cikinta, ya tashi aikinsa a gaban malami.